Karatun Likitan Kare Da Kyanwa: Almubazzaranci Ne Ko Buƙatar Zamfara Ta Arewa?

A duk lokacin da aka ce wani ɗan ƙasar Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ya kammala digirinsa na likitan dabbobi, kuma yana shirin komawa jami'a domin ya ƙware a kan cututtukan cikin jiki da ciwon zuciya da ciwon daji na ƙananan dabbobi, abin da yakan fara fitowa daga bakin jama'a shi ne sa albarka, domin kowa ya ɗauka tumaki da awaki ake nufi. Sai an yi bayani cewa a bakin likitoci, idan aka ce ƙananan dabbobi to kare da kyanwa ake nufi, nan take sai ka ga fuskoki sun canza. Wani ya yi dariya, wani ya girgiza kai, dattijo kuma ya tambaya cikin takaici, shin a ƙasar da ɓarayin daji suka kwashe garkunan shanu, suka tashi ƙauyuka, mutum bai sami abin da zai karanta ba sai zuciyar kare?

Wannan tambaya tana da nauyi, kuma masu yin ta ba jahilai ba ne. Amma ni a nawa ganin, idan muka bari dariya ta hana 'ya'yanmu shiga wannan fage, to kanmu muka cuta. Dalilina shi ne, abin da ake koyo a wannan karatu shi ne gano cuta kafin a ba da magani, kuma duk wanda ya san harkar dabbobi a yankinmu ya san cewa wannan ne babban abin da muka rasa. Allura muna da ita, masu yin ta sun fi a ƙirga. Wanda zai tsaya ya gano abin da ke damun dabbar shi ne ya yi ƙaranci.

Mene ne karatun?

Bari mu fara da fayyace abin da ake magana a kai. A Nijeriya ɗalibi yakan yi shekara 6 kafin ya sami digirin likitan dabbobi, a cikinsu zai taɓa komai, tun daga kaza har raƙumi. Bayan ya yi rajista da hukumar da ke kula da aikin likitocin dabbobi ta ƙasa, yana iya komawa ya yi digiri na biyu da na uku a sashen magani ko na fiɗa, ko kuma ya bi tsarin Kwalejin Ƙwararrun Likitocin Dabbobi ta Nijeriya har ya zama cikakken ƙwararre. A Amurka da Turai tsarin ya fi tsauri: shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sai shekara 3 a ƙarƙashin wani gwani, sannan jarrabawa mai zafi.

Fannin cututtukan cikin jiki ya ƙunshi hanta da ƙoda da hanji da huhu da jini da ciwon sukari da guba. Fannin zuciya ya ƙunshi sauraren ƙirji, da karanta zanen bugun zuciya a takarda, da duba ta da na'urar hoton ciki, irin wadda mata suka sani a wajen awon ciki da sunan sikanin. Fannin ciwon daji kuma ya ƙunshi gane ƙari, da ɗibar ɗan samfurinsa a duba a madubin likita, da sanin wanda za a yanke da wanda za a yi wa allura da wanda ya gagari magani.

To me ya sa kare da kyanwa? Saboda a kansu ne wannan ilimi ya fi zurfi a duniya. A ƙasashen da suka ci gaba, mai kare yana biyan kuɗi a bi ciwon karensa tun daga farko har ƙarshe, shekara da shekaru, don haka aka tara sani mai yawa a kan yadda cuta take farawa da yadda take tafiya da yadda magani yake aiki. Saniya ko rago kuwa, da ciwo ya yi tsanani wuƙa ce ƙarshen zance. Wanda yake son ya ƙware a binciken dabba ɗaya tilo, ajin kare ne babbar makarantarsa, kamar yadda mai koyon ɗinki yake zuwa inda aka fi kawo aiki.

Yadda muka gaji aikin dabbobi

Aikin likitan dabbobi a Arewa an gina shi ne a kan yaƙi da annoba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, babban aikinta na farko shi ne yaƙi da bushiya, cutar da ta karkashe shanun Fulani a ƙarshen ƙarni na 19. A 1962 aka fara gagarumin gangamin rigakafin bushiya na haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Cutar ta sake dawowa da ƙarfi a 1983, sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga doron ƙasa baki ɗaya. Wannan nasara ce babba, kuma malaman dabbobi da suka yi ta yawo ruga-ruga a kan keke da babur sun cancanci addu'a.

Amma wannan tarihi ya bar mana wata ɗabi'a. Makiyayi ya taso yana ganin aikin malamin dabbobi shi ne ya zo da sirinji ya bi garke. Da gwamnati ta ja baya, magunguna suka cika kasuwa, sai kowa ya zama malamin kansa. Je ka kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko wata kasuwar dabbobi a yankin nan, za ka tarar da kwalaben allura a shimfiɗe a kan tabarma cikin rana tsaka, mai saye ya faɗi alamar da ya gani, mai sayarwa ya miƙo kwalba. Zazzaɓi ne, oksitetrasaikilin. Rama ce, maganin sammore. In bai yi ba, a ƙara wani.

Illar wannan ba ta tsaya a kan dabba ba. Maganin da aka zuba wa saniya yana fitowa a nono, yana zama a nama, kuma ƙwayoyin cuta suna sabawa da shi har ya daina yi musu komai. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya sakamakon ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Haka kuma abin da yake magani ga wata dabba guba ne ga wata. Allurar sammore da saniya take ɗauka lafiya tana iya kashe raƙumi, kuma ɗan ƙari kaɗan a kan ƙa'ida yana taɓa ƙwaƙwalwar kare. Ƙwayar farasitamol da muke sha kamar gyaɗa tana kashe kyanwa. Wannan shi ne irin sanin da mai tabarma ba shi da shi.

Agwagin da suka riga yara mutuwa

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Maris na 2010 ne ƙungiyar likitocin nan na sa kai da ake kira MSF ta tona asirin mace-macen yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na wannan jiha tamu. A ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya kuma Bagega, yara aƙalla 400 suka rasu saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Dubbai kuma suka rayu da gubar a jininsu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wadda jami'anta suka zo binciken, ta ba da labarin cewa tun kafin a ankara da mutuwar yara, agwagin waɗannan ƙauyuka sun fara ɓacewa. Agwagwa tana kiwo a ƙasa, tana tsintar tsakuwa, tana shan ruwan kududdufi, don haka ita gubar ta fara kamawa. An ga mutuwar agwagi, an yi jimami irin na asarar dabba, aka wuce wurin. Da a lokacin akwai likitan da aka horar a kan cututtukan cikin jiki kusa da waɗannan mutane, wanda zai buɗe gawar agwagwa, ya ɗauki hanta da ƙoda ya aika ɗakin gwaji, ya kuma ɗaga waya ya kira likitan mutane, wa ya san yawan rayukan da Allah zai tsirar ta hannunsa?

Dabbar gida tana cin abin da muke ci, tana shan ruwan da muke sha, tana kwana a ƙurar da yaranmu suke wasa. Sau da yawa ita ce take fara faɗuwa. Kare ko ɗan maraƙin da ya sha dalma yakan yi amai, ya makance, ya yi farfaɗiya. Wanda bai sani ba zai ce iska ce ko hauka. Haƙar zinariya ba ta tsaya a Zamfara ba har yau, saboda haka wannan darasi bai tsufa ba.

Haukan kare

Ko mutum ya so ko ya ƙi, kare yana cikin rayuwarmu. Mafarauta suna da shi, makiyaya suna da shi, manomin da ke bakin daji yana da shi, kuma malamai sun sanar da mu cewa shari'a ta yarda a riƙe shi don farauta da tsaron dabbobi da gona. A 'yan shekarun nan da rashin tsaro ya yi ƙamari, haushin kare cikin dare ya zama ƙararrawar talaka a ƙauyuka da dama, daga Birnin Tsaba har bakin iyakar Nijar. A ɗaya gefen kuma, duk ƙauyen da aka tasa, mutane sukan gudu da abin da za su iya ɗauka, karnuka su zama marasa iyayen gida, su shiga yawo gari-gari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kimanin 59,000 a duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga cizon kare ne, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamomin ciwon sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Amma an tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allurar rigakafi, cutar takan yanke, kuma a kan wannan ne duniya ta sa wa kanta wa'adin kawo ƙarshen mutuwar mutane da wannan ciwo nan da 2030.

A nan ma gano cuta shi ne jigo. Ba duk karen da ke dalalar da miyau yana tangaɗi ne mahaukaci ba; akwai wasu cututtukan ƙwaƙwalwa da guba masu kama da haka. Al'adarmu ita ce a bi shi da sanduna a kashe a jefar, shi ke nan an rufe hanyar sani. Likita ƙwararre zai ce a wanke wurin cizon da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya da yaron asibiti a fara masa allura, a tsare karen kwana 10 ana lura da shi, in kuwa an riga an kashe shi a kai kansa ɗakin gwaji. Uban da ke da yaro a hannu da ɗan kuɗi kaɗan a aljihu, wannan bayani a wurinsa rai ne.

Zuciyar kare da zuciyar sa

Wani zai ce to mun ji na guba da hauka, ina ruwanmu da ciwon zuciya? A wajen kare, mafi yawan ciwon zuciya, kusan kashi uku cikin huɗu, lalacewar wata 'yar ƙofa ce da ke tsakanin ɗakunan hagu na zuciya, wadda idan ta saki sai jini ya riƙa komawa baya, huhu ya tara ruwa. Akwai kuma tsutsar da sauro yake sa wa kare, ta girma a cikin jijiyoyin huhu da zuciya. Wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2016 ya nuna cewa idan aka gano ciwon ƙofar nan da wuri aka fara ba da wani magani, ana jinkirta gazawar zuciya da kimanin wata 15. Wannan yana da amfani ga karnukan 'yan sanda da na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, waɗanda ake kashe dukiya mai yawa wajen horar da su.

Amma kunnen da ya koyi jin wannan ɗan sauti a ƙirjin kare, shi ne zai ji abin da ke faruwa a ƙirjin sa. Na taɓa ganin wani bajimin sa da wani magidanci ya yi wata da watanni yana turkawa da harawa da ƙowa da dusa, da niyyar ya sayar ya aurar da 'yarsa. San ya daina cin abinci, ya riƙa tsayawa a ƙage yana nishi, ƙasan wuyansa ya kumbura, jijiyoyin wuya suka yi ɓulɓul. Masu allura uku suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya soka tasa ya karɓi kuɗinsa. Bayan mako uku, da ya rame ya kwanta, aka kira mahauci ya saye shi a wulaƙance. Da aka buɗe sai ga guntuwar waya ta huda tumbi ta shiga jakar zuciya, wurin ya cika da ruwa da mugunya.

Wannan ciwo sananne ne. Saniya ba ta tantance abin da take haɗiya, ƙusa ko waya takan faɗa sashen tumbin da ke dab da zuciya, in ta huda sai ta isa can. Likitan da ya san zuciya, da abin sauraren ƙirji kaɗai zai ji bugun ya dusashe kamar ana kaɗa ruwa a gora, da na'urar hoto kuma zai gani da idonsa cikin 'yan mintoci. A rana ta farko zai gaya wa mai sa gaskiya: wannan ba na allura ba ne, ka sayar yau tun yana da nama. Kuma zai koya wa masu kiwo cewa akwai ɗan maganaɗisu da ake ɗura wa sa ya zauna a tumbi yana kama ƙarfe. Haka nan akwai cutar kaska da ke tara ruwa a jakar zuciyar tumaki da awaki da shanu, akwai ciwon baki da kofato da ke kashe 'yan maruƙa farat ɗaya ta hanyar lalata naman zuciya, ga kuma tumfafiya da ke ko'ina a bayan gari, wadda ke ɗauke da gubar da ke rikita bugun zuciya. Duk waɗannan aikin mai ilimin zuciya ne.

Ciwon daji

A fannin ciwon daji kuwa, wanda ya fi damun karnukanmu masu yawo shi ne wani ƙari mai zubar da jini da ke fitowa a al'aurarsu. Abin mamakinsa shi ne yana yaɗuwa daga kare zuwa kare wajen barbara, domin ƙwayoyin ƙarin ne da kansu suke tsallakawa. Wani likitan dabbobi ɗan Rasha mai suna Nobinski ya nuna haka tun 1876, kuma binciken masana na Jami'ar Kambirij ya nuna cewa ƙarin ya samo asali ne daga kare guda ɗaya da ya rayu dubban shekaru da suka wuce. A wurinmu idan mafarauci ya ga haka sai ya kori karen ko ya kashe shi, alhali allurar binkiristin a jijiya sau ɗaya a mako, na tsawon mako 4 zuwa 6, tana warkar da mafi yawansu sarai. Ita wannan allura tana cikin magungunan da ake haɗawa a yi wa yaranmu masu ciwon dajin nan da ke kumbura muƙamuƙi, wanda Dakta Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958.

Alaƙar ciwon dajin dabba da na mutum tsohuwa ce. A 1911 Peyton Rous ya gano a jikin kaza cewa ƙwayar cuta tana iya haddasa ciwon daji, aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Allurar da ake yi wa 'yan tsaki ranar ƙyanƙyasa don kare su daga cutar Marek, rigakafin ciwon daji ce, kuma ta riga irinta ta mutane fitowa. Ga kuma wanda ya shafe mu kai tsaye. A 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila, da likitocin dabbobi suka bi sawu sai suka tarar da wata guba ce da fumfuna take haifarwa a cikin ƙulin gyaɗa. Daga baya aka tabbatar cewa wannan guba tana cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanta ga ɗan Adam. Mu da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929 domin kwasar gyaɗa da auduga, mu da muke adana gyaɗa da masara a rumbu da buhu, wa ya fi mu buƙatar mai wannan sani? Kare da agwagwa suna cikin dabbobin da wannan guba ta fi saurin kayarwa, don haka likitan da ya ga hantarsu ta lalace zai iya cewa a duba hatsin gidan.

Hujjar masu suka

Duk da haka, adalci ne a saurari masu suka. Hujjarsu ta farko ita ce fifiko. Mutumin Zurmi da ciwon daji ya kama sai ya tafi Sakkwato ko Zariya ko Abuja neman gashi, in yana da hali, to da wane ido za a dubi masu neman kuɗin karatun ciwon dajin kare? Amsata ita ce ba cewa ake a sayo wa kare injin gashi ba. Abin da ake nema mutum ne mai ilimi, da madubin likita, da na'urar hoto ta hannu, da firjin da ke aiki da hasken rana. Kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na motar babban jami'i guda ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: wanda ya ƙware a wannan fanni ba zai zauna a Shinkafi ba, Abuja ko Legas zai tafi inda masu kuɗi suke da karnukan ƙasar waje, ko ma ya haye Ingila ko ƙasashen Larabawa. Wannan gaskiya ne, yana faruwa ga likitocin mutane ma. Sai dai ban taɓa jin wanda ya ce a daina horar da likitocin mutane saboda wasu suna gudu ba. Abin da ake yi shi ne a ɗaure tallafi da sharaɗi, a kuma gyara wurin aiki yadda mai ilimi zai iya zama.

Hujja ta uku ita ce tsaro. A watan Satumba na 2021 sai da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya. Dajin Dumburum, inda a shekarun 1990 masana daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Gisen ta Jamus suke shiga suna nazarin kiwo da makiyaya, daga baya ya zama sunan da ake ambata da fargaba. Amma ita wannan fitina ce ta sa dabbar da ta rage a hannun talaka ta ƙara daraja. Wanda yake da shanu 100 yana iya jure mutuwar biyu. Matar da aka kashe mijinta, ta yi gudun hijira zuwa Ƙaura da tunkiya biyu, ba ta iya jure mutuwar ɗaya. Kiwo yana komawa cikin gari, turke-turke, dabba ɗaya-ɗaya, kuma irin wannan kiwo likitan da ya iya duba dabba ɗaya tilo yake buƙata. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙwararre yana ɗaukar shekara 10 ko fiye kafin ya nuna, in muka jira sai zaman lafiya ya dawo sannan mu fara, mun makara.

Abin da ya kamata a yi

Makarantun suna nan. Tsangayar koyon aikin likitan dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka kafa a tsakiyar shekarun 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, da takwararta ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda ta fara a shekarun 1980, kowacce tana da asibitin koyarwa mai sashen ƙananan dabbobi, kuma suna ba da manyan digirori. Matsalar ita ce kowanne daga cikinsu ya fi kilomita 200 daga Ƙauran Namoda, a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. Ba mai ɗaukar rago marar lafiya ya yi wannan tafiya. Ilimin ne ya kamata ya taso ya zo.

Don haka ina kira ga gwamnatin Jihar Zamfara da ta ware gurabe, ko da biyu ko uku ne a shekara, na tallafin karatun ƙwarewa ga likitocin dabbobi 'yan jiha, da sharaɗin duk wanda ya amfana zai dawo ya yi aiki na wasu shekaru a shiyyar da ya fito. A sa mata a cikin waɗannan gurabe, domin mafi yawan tumaki da awaki da kaji suna hannun matan aure ne a cikin gidaje, inda namiji ba ya shiga kai tsaye.

Ina kira ga malaman jami'o'in nan biyu da su karkata binciken ɗalibansu zuwa ga matsalolinmu. Ɗalibin da ya fito daga Zurmi ya rubuta kundinsa a kan dalma a jinin dabbobin gida, ko ƙarin al'aurar karnukan farauta, ko yawan shanun da ake tarar da ƙarfe a zuciyarsu a mayanka. Wannan ya fi masa daraja ko a idon duniya a kan ya maimaita abin da aka riga aka yi a kan karnukan Turai.

Ina kira ga Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya, wadda aka ƙirƙiro a 2024, da ta haɗa hannu da jiha a samar da cibiya guda mai kayan bincike a Ƙauran Namoda, wadda likitanta zai riƙa fita ranakun kasuwa idan hanya ta yi kyau, malaman dabbobi na ƙauyuka kuma su riƙa aiko masa da hoto da bayani ta waya. A kuma shimfiɗa ƙa'ida cewa duk mutuwar dabbobi da ba a gane kanta ba, da duk cizon kare, labarinsu zai isa ga likitan dabbobi da na mutane a rana guda. Sarakunanmu da limamai su taimaka wajen faɗakar da masu karnuka su kai su rigakafi, ko da sau ɗaya ne a shekara, a ranar 28 ga Satumba da duniya ta keɓe don yaƙi da haukan kare.

Ga matasan likitocinmu kuma, shawarata ita ce kada dariyar majalisa ta karya muku gwiwa. Ku je ku koyo, ku zurfafa, amma ku tuna da inda kuka fito. Ranar da ɗayanku ya ɗora abin saurare a ƙirjin san wani talaka ya faɗa masa gaskiyar da ta tsirar da jarinsa, ko ya gano guba a gawar kaza kafin ta taɓa yaran gidan, masu dariyar ne za su fara kawo muku dabbobinsu.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da Arewa baki ɗaya, Ya albarkaci dukiyarmu da zuriyarmu, Ya kuma ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, amin.